Kullutun Da Ke Janyo Wa Kansa Jini: Abin Da Ke Faruwa a Jijiya Kafin Mutum Ya Faɗi

Labarin kusan iri ɗaya ne duk inda aka ji shi a Zongon Lome da ke ƙasar Togo. Dattijo ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, dillalin shanu ko mai shagon atamfa ko direban babbar mota, wanda tun tasowarsa bai taɓa kwana a gadon asibiti ba. Ya yi Magariba a jam'i, ya zauna a ƙofar masallaci ana hira, aka zuba masa shayi. Da ya kai kofi baki sai shayin ya zubo ta gefe guda. Ɗansa ya ce, "Baba, lafiya?" Ya buɗe baki zai amsa, harshe ya ƙi. Kafin a nemo mota, hannun dama ya saki. Washegari masu zuwa dubiya suna ta nanata magana ɗaya: "Ai jiya muna tare da Alhaji, garau yake."

Gaskiya suka faɗa. Abin da ido bai gani ba shi ne, ciwon da ya kayar da Alhaji cikin minti biyu ya yi shekara ashirin ko talatin yana gini a bangon wata jijiya ta wuyansa. Likitocin Lome suna ce wa wannan faɗuwa AVC, Bahaushe kuma ya ce shanyewar ɓarin jiki. Wani lokaci jijiya ce ke fashewa a cikin ƙwaƙwalwa saboda hawan jini. Mafi yawa kuwa hanyar jini ce ke toshewa, kuma ɗaya daga cikin manyan masu toshe ta shi ne wani kullutun kitse da ke tsirowa a cikin bangon jijiya. Shi ne dai, in ya zauna a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, yake kawo ciwon ƙirjin nan da ke ɗauke mutum farat ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na mamatan 'yan ƙasashe irin namu ne.

Da an ce kitse ya toshe jijiya, sai mutane su hango kwata: datti na taruwa, hanya na ƙanƙancewa, ruwa na raguwa har ya tsaya. Da kullum haka abin yake, da da sauƙi, domin jiki zai riƙa yin ƙorafi tun da wuri. Misalin da ya fi kama da gaskiya yana kan Hanya ta Ɗaya, wadda ta bi ta Zongo ta nufi arewa. A daminar 2008 ambaliya ta karya gadar Amakpape, manyan motocin da ke kwasar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali suka yi cirko-cirko. Ana gobe abin zai faru, hanya a buɗe take, kowa na wucewa abinsa. Sau da yawa kullutun da ke kashe mutum bai kai ga rufe hanya ba, fashewa yake yi kwatsam. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman sanin dalilin da wani kullutun ke zama shiru har mai shi ya tsufa, wani kuma ya fashe mutum na tsakiyar ƙarfinsa. Babban ɓangare na amsar shi ne, kullutun abu ne mai rai. Yana jin ƙishirwar iska, yana aika saƙo, har yana janyo wa kansa jijiyoyin jini.

Farkon abin daga yaɓe ne. Cikin kowace jijiya akwai wani siririn yaɓe na ƙwayoyin halitta, shimfiɗa ɗaya tak, sumul kamar cikin sabuwar tasa. Hawan jini na dukansa dare da rana, hayaƙin taba na ƙona shi, suga mai yawa na cin sa. Inda ya yi rauni, musamman a mararraba inda jijiya ta rabu biyu, nau'in kolestarol da ake kira LDL yakan kutsa ya maƙale a cikin bango, ya ɓaci kamar man da ya daɗe a ajiye. Sai ƙwayoyin yaɓen su fito da wasu sinadarai masu danƙo, su cafke fararen ƙwayoyin jini da ke wucewa, su tura su ciki. A can suke rikiɗewa su zama makrofaj, wato 'yan sharar jiki. Su yi ta haɗiyar kitse har su kumbura su mutu a wurin. Gawarwakinsu da kitsen da suka ci su ne ke zama cikin kullutun, mai laushi kamar kunu. Sunan cutar ma, aterosklerosis, daga kalmomin Girkanci biyu aka haɗa shi, ɗaya kunu ɗaya tauri. Jiki kuma sai ya yi wa ɓarnar murfi da zaruruwan kolajin don kada ta taɓa jini.

Ba a tsufa yake farawa ba. A 1953 likitocin sojan Amurka sun binciki gawarwakin sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22, suka tarar da alamarsa a jijiyoyin zuciyar kashi 77 cikin 100. Ba kuma baƙo ba ne a Afirka: wani bincike da aka buga a 2013 ya ɗauki hoton busassun gawarwaki 137 na mutanen dā, akasarinsu daga tsohuwar Masar, ya ga alamar cutar a kusan ɗaya cikin uku. Dalilin da ya sa yake iya ɓoyewa shekara da shekaru kuwa, wani likita a Chicago mai suna Seymour Glagov ya bayyana shi a 1987. Jijiya takan buɗa ta waje don ta ba kullutun wuri, hanyar jini ba ta fara matsewa sosai sai ya cinye wajen kashi 40 cikin 100 na faɗin wurin.

Dattawan Zongo suna tuna 1977, shekarar da hukuma ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar birni aka kwashe jama'a zuwa Agoe. Duk wanda ya ga yadda sabuwar unguwa ke tashi a bayan gari ya san abin da ke biyo baya. Gidaje na ƙaruwa, babban bututun ruwa na can nesa, kowa ya shiga neman yadda zai janyo ruwa zuwa ƙofarsa. A jawo roba a gaggauce, a ɗaure mahaɗa da igiyar taya, ruwa ya zo, amma ko'ina yoyo, har gindin katanga ya jiƙe. Kusan haka ke faruwa a cikin kullutu.

Bangon babbar jijiya yana shan iskar oksijin ta fuska biyu. Ta ciki yana tsotsa daga jinin da ke wucewa, ta waje kuma akwai wasu 'yan ƙananan jijiyoyi da ke lulluɓe da shi suna ciyar da shi, waɗanda ake kira vasa vasorum, ma'ana jijiyoyin jijiya. Oksijin ba ya iya ratsa nama da nisa. Iyakarsa wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita, kaurin silin gashi biyu ko uku ke nan. Da kullutu ya yi kauri, tsakiyarsa ta yi nisa da fuskokin biyu. Ga kuma makrofaj cunkushe a ciki, su kuwa akwai su da shan iska. Ƙwayoyin da ke wurin sai su fara shaƙewa.

Yadda ƙwayar halitta ke gane ta shaƙe abin mamaki ne. Akwai wani furotin, HIF, da ƙwaya ke ƙerawa ba dare ba rana. Muddin akwai oksijin, da an ƙera shi ake sa masa alama a markaɗe shi cikin 'yan mintuna, kamar ɗan aiken da kullum ake tarewa a zaure. Ranar da iska ta yi ƙaranci, babu mai tare shi. Sai ya taru, ya shiga cibiyar ƙwaya, ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Gano wannan ne ya sa aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2019. Cikin abubuwan da HIF ke kunnawa akwai VEGF, wanda shi ne ainihin saƙon: a kawo jini nan.

Saƙon yakan ratsa bango ya isa ga 'yan jijiyoyin nan na waje. Ƙwayar da ta fi jin kiran ita ke zama madugu. Ta miƙa wasu siraran yatsu tana lalube, ta fitar da sinadaran da ke narkar da naman da ke gabanta, ta kama hanya zuwa inda saƙon ya fi ƙarfi. Tana tafe tana aika wa maƙwabtanta wani saƙon dabam, ta wata hanya da masana ke kira Notch, cewa kada kowa ya ce shi ma jagora ne, su biyo baya su hayayyafa su zama bututu. A jiki mai lafiya, kamar wajen warkewar rauni, da bututun ya kammala sai wasu ƙwayoyi su zo su naɗe shi ta waje su ɗaure shi tamau, sannan kiran ya lafa. A cikin kullutu kiran ba ya lafawa. Masu ɗauri ba sa samun zama, sinadarin da ke sassauta jijiya, anjiyopoyetin na biyu, yana rinjayar na farko mai ƙarfafa ta, mahaɗar ƙwayoyin ta zauna a buɗe. Tarihin VEGF kansa ya nuna halinsa. Kafin Napoleone Ferrara ya keɓe shi ya raɗa masa wannan suna a 1989, ɗakin binciken Harold Dvorak a Boston ya riga ya gano shi a 1983, kuma sunan da suka ba shi a lokacin shi ne sinadarin da ke sa jijiya yoyo.

An daɗe da hango waɗannan jijiyoyi. Tun a shekarun 1930 wani likita ɗan Kanada, J. C. Paterson, ya ce fashewarsu na da hannu a toshewar jijiyar zuciya, amma maganarsa ba ta samu karɓuwa sosai ba. A 1984 Clifford Barger na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka ɗura wani farin ruwan roba a jijiyoyin zukatan mamata suka ɗauki fim. Inda bango ke da lafiya, fes. Inda akwai kullutu, sai ga saƙar ƙananan jijiyoyi a cukurkuɗe kamar saiwar ciyawa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Jinin da kullutu ya janyo don ya sha iska, shi ne ke ƙara masa girma. A 2003 Renu Virmani da Frank Kolodgie da abokan aikinsu a Amurka suka nuna cewa kullutun da suka fi haɗari cike suke da ɓurɓushin jajayen ƙwayoyin jini da suka zuba a ciki. Fatar jajayen ƙwayoyin nan maƙare take da kolestarol, saboda haka duk ɗigon da ya tsiyaya ƙarin kitse ne kai tsaye. Sinadarin ƙarfe da ke cikinsu kuma yana ƙara ɓata abin da ya tarar. Ta waɗannan ƙofofi masu yoyo ne wasu sababbin fararen ƙwayoyin ke kwararowa. Wani bincike na 2018 ya ƙara da cewa makrofaj ɗin da suka zo share jinin da ya zuba, su ma sai HIF ya tashi a cikinsu su saki ƙarin VEGF. Yoyo ya kira 'yan shara, 'yan shara su kira sababbin jijiyoyi, sababbin jijiyoyi su yi yoyo. Ana cikin haka makrofaj na fitar da sinadaran da ke cin zaren murfin, murfi na sirancewa, ciki na kumbura. Ranar da ya yage, kunun nan ya haɗu da jini, gudan jini ya dunƙule cikin mintuna. Ko ya toshe wurin, ko ya ɓalle ya tafi ya maƙale a ƙwaƙwalwa.

Mai karatu zai ce, to a toshe bakin VEGF mana a huta. An gwada. Judah Folkman, wanda tun 1971 ya ce ciwon daji ba ya girma sai ya janyo jijiyoyi, a ɗakin bincikensa ne Karen Moulton ta ba ɓeraye magungunan hana tsirowar jijiya a 1999, girman kullutunsu ya ragu da kashi 70 zuwa 85 cikin 100. Sai dai jikin mutum ya zo da wata magana. Bevacizumab, maganin ciwon daji mai toshe VEGF da aka amince da shi a 2004, yana tayar da hawan jini, yana kuma ƙara haɗarin gudan jini a jijiya, domin shi wannan yaɓe mai lafiya ma yana buƙatar ɗan VEGF don ya rayu. Zuciyar da jijiyarta ta matse ita ma da irin wannan saƙo take buɗe wa kanta ƙananan hanyoyin ratse. Garin neman gira ana iya rasa ido. Har yau babu maganin hana tsirowar jijiya da ake ba mutane don wannan cuta.

Ta ɓangaren kumburi, wato rikicin da 'yan sharar nan ke tayarwa a cikin kullutu, an fi samun haske. A 2017 gwajin CANTOS, mai mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya, ya nuna cewa allurar da ke toshe wani saƙon kumburi ta rage sake faɗuwa da wajen kashi 15 cikin 100 ba tare da ta taɓa kolestarol ba, ko da yake tana da tsada kuma ta ƙara haɗarin mutuwa daga kamuwa da ƙwayoyin cuta. Daga baya aka ga tsohon maganin nan mai araha, kolcisin, shi ma yana taimaka wa wasu masu ciwon zuciya. Ba abin da mutum zai saya da kansa ba ne, musamman mai matsalar ƙoda.

Abin da ke hannun mutumin Zongo yau shi ne ya rage abubuwan da ke sa kullutun kururuwa tun farko, kuma na gaba a cikinsu hawan jini ne, tansiyon a bakin 'yan Lome. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya da Kumasi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da Farfesa Bruce Ovbiagele, ya duba sama da mutum 2,000 da ɓarin jikinsu ya shanye. Sakamakon da aka buga a 2018 ya ɗora wajen kashi 90 cikin 100 na haɗarin a kan hawan jini. A Togo kuwa, binciken STEPS na 2010 ya tarar kusan mutum ɗaya cikin biyar na da shi. Ba ya ciwo. Mai jiran ciwon kai ko jiri kafin ya auna, yana iya jira har ranar faɗuwa. Duk wanda ya haura shekara 30 ya kamata ya miƙa hannu a auna shi aƙalla sau ɗaya a shekara, ko a ƙaramin asibitin unguwa ko a kantin magani. In an samu 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku biyu dabam-dabam, magana ta zama ta likita. An ma gwada haɗin da ya fi dacewa da baƙar fata: gwajin CREOLE na 2019, wanda Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin da ke da amlodipin a ciki ya fi saukar da jini.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an fara magani. Mutum ya sha wata ɗaya, aka auna aka ce ya sauka, sai ya ajiye takardar likita a ƙarƙashin katifa ya ce ya warke. Maganin ne ya sauke shi. Da an daina zai koma inda yake. Direban da zai yi sati biyu ko uku a hanyar Wagadugu da Yamai ya tanadi na tafiyarsa tun daga Lome. Mai azumi ya je wa likita tun cikin Sha'aban a daidaita masa lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur. A kuma saya a kantin magani mai rajista, domin ƙwayar da ta wuni a rana a kan tire ba a san abin da ya rage a cikinta ba.

Gishiri kuwa a tukunya ake yaƙinsa, kuma uwargida ce mai wuƙa da nama. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da duk abin da mutum ya ci tun safe. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kifi mai gishiri da ake jefawa a miya shi ma lissafi ne. Kanwa ma, da ba a ɗaukarta a bakin komai, tana ɗauke da sodiyam ɗin da ke cikin gishiri. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa suna iya riƙe ɗanɗanon miya in an rage magi sannu a hankali, harshe kuma yakan saba cikin 'yan makonni. SIREN ya sake nuna abu biyu da suka shafi Zongo kai tsaye: masu cin nama a kai a kai sun fi shiga haɗari, masu cin ganye kullum kuma sun fi tsira. A unguwar da ta yi suna da shanu da tsire, wanda 'yan gari ke kira cicinga, wannan magana ce mai nauyi. Ba a ce a bar nama ba. A yanke kitse, a rage yawa, a bar wa kifi da wake wasu ranakun. Ga gboma da ademe, wato lalo, a kowace kasuwa, ga zogale da alayyafo da rama. Manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, saboda haka a auna shi da cokali, kada miya ta yi iyo a cikinsa. Man suyan da aka maimaita har ya yi baƙi kuma a zubar.

Sai kolestarol, wanda mutane da yawa ba su taɓa aunawa ba, wasu ma suna ganin ciwon masu ƙiba ne kawai. Siriri ma yana iya gadonsa. Ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi a kan LDL ta fito ne daga jinin 'yan asalin Afirka. A 2006 Jonathan Cohen da Helen Hobbs na Dallas suka ba da rahoton cewa kashi 2.6 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka da aka bibiya shekara 15 suna da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PCSK9, wanda ya sa LDL ɗinsu ya ragu da kashi 28 cikin 100 tun haihuwa. Ciwon jijiyar zuciya a cikinsu ya ragu da kashi 88 cikin 100. Wanda bai gaji wannan ba, akwai statin, dangin magungunan da Akira Endo na Japan ya fara ganowa daga wani nau'in fumfuna a shekarun 1970. A gwajin 4S na 1994, mai mutum 4,444 masu ciwon zuciya, simbastatin ya rage mutuwa da kashi 30 cikin 100. Statin ba ya share kullutu kamar tsintsiya. Abin da yake yi shi ne ya rage kitsen da ke shiga, ya kwantar da kumburi, murfi ya yi kauri. A gwajin dabbobi an ga har tsirowar ƙananan jijiyoyin nan na raguwa. Wanda ya taɓa faɗuwa, ko mai ciwon suga da ya haura 40, ya tambayi likitansa a kansa. In ya kawo ciwon tsoka a koma a sauya, kada a yi shiru a daina. Mai ciki ko mai neman ciki ta sanar da likita kafin a rubuta mata.

Taba tana da alaƙa ta kai tsaye da wannan labari. A 2001 masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna cewa nikotin kansa yana tsirar da sababbin jijiyoyi, kuma ya ƙara girman kullutu a jikin ɓeraye. Sigari, shisha da matasa ke ɗauka ƙamshi ce kawai, da tabar da ake cusawa a leɓe, duk nikotin ne. Ciwon suga shi ma yana lalata yaɓen jijiya, kuma kullutun masu shi sun fi yawan waɗannan jijiyoyi masu yoyo. Mai shan shayi zagaye uku, kowanne da suga kamar zuma, ga lemon kwalba a kai, ya auna sugansa da safe kafin ya karya. Zemijan, wato babur ɗin haya, ya sauƙaƙa zirga-zirga har ta kai ana hawa babur don tafiyar minti biyar. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, ya cika minti 150 da ake nema. Zaɓar masallacin da ya ɗan yi nisa don Asuba da Isha'i ma yana rage wani abu.

Masu tallar maganin wanke jini da narkar da kitse suna yawo da lasifika, kuma suna samun kasuwa domin kowa kwatar nan yake hangowa. Kullutun ba a cikin hanyar jini yake kwance ba, a cikin bango yake, a ƙarƙashin murfi, da jijiyoyinsa. Babu jiƙon da zai kai gare shi ya wanke, wasu ma ƙoda suke illatawa. Haka asfirin: yana ceton wanda ya riga ya samu bugun zuciya ko toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, amma mai lafiya da ya ɗauki shansa kullum don kansa yana iya jawo wa kansa zubar jini a ciki.

Jiki yakan yi raɗa kafin ya yi ihu, in an san abin saurare. Nauyi ko matsi a ƙirji lokacin hawan bene ko ɗaukar kaya, wanda ke sauka in an huta. Ciwon sha-raɓa da ke tsayar da mutum bayan 'yar tafiya, ya lafa, ya dawo. Raunin kusantar iyali ga magidanci, domin jijiyoyin wurin ƙanana ne kuma sukan riga na zuciya nuna alama da 'yan shekaru. Wanda ya ga haka ya nufi awon jini, ba teburin mai maganin maza ba, don wasu ƙwayoyin in suka haɗu da maganin ciwon ƙirji suna kayar da jini ƙasa warwas. Mata, musamman bayan ɗaukewar al'ada, da masu ciwon suga, sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirji sosai, sai haki, gumi, tashin zuciya da gajiya marar dalili. Mafi hatsari a raina shi ne wanda ke zuwa ya wuce: baki ya karkace na minti goma, ido ɗaya ya rufe kamar an saki labule, hannu ya mutu sannan ya dawo. Sau da yawa ɓurɓushi ne ya ɓalle daga kullutun wuya, kuma kwanakin farko bayan haka su ne mafi haɗari. A ranar ake zuwa asibiti. Likita zai iya neman hoton jijiyar wuya na eko-dopla, wanda ba ya ciwo. In matsewar ta yi tsanani akwai aikin da ake yi a cire kullutun. Manyan asibitocin koyarwa biyu na Lome, na Sylvanus Olympio da ke Tokoin da na Campus, suna da likitocin zuciya da na ƙwaƙwalwa.

In kuwa abin ya zo kamar na Alhaji, a ce masa ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya maimaita gajeriyar magana. Ko ɗaya ya gagara, a nemi mota nan take, mota ba babur ba. Addu'a a yi ta a hanya. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, domin maƙogwaro ma yakan shanye, abin ya wuce huhu. Kada a tsattsaga yatsu da allura, kada a ba shi maganin tansiyon na maƙwabci, kada a ba shi asfirin kafin a yi hoton kai na sikana, tunda in jijiya ce ta fashe asfirin ƙara zubar zai yi. In ya suma a kwantar da shi a kan gefensa. Inda ake da allurar narkar da gudan jini, cikin awa huɗu da rabi na farko take aiki, kuma daga Agoe zuwa Tokoin a cunkoson yamma tafiya ce mai cin lokaci. Wanda ya raka shi ya riƙo ledar magungunan da yake sha, ya kuma iya gaya wa likita lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya: da aka sallame Magariba ne, ko ana dab da kiran Isha'i.